Rikicin kwangilar hanya: ta yaya ake kashe shi ba a taka kotu ba?

Injiniya Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela cikin Oktoban 2024, ga kuma hanyoyin karkara na shirin RAAMP da jiharmu ta Sakkwato ke ciki, mutanenmu da yawa sun shiga harkar hanya, wasu da kwangila kai tsaye, wasu suna karɓar yanki a hannun manyan kamfanoni. Aikin hanya kuwa ba ya rabuwa da saɓani: awo, kuɗi, lokaci, diyya. Kotu tana iya cin shekaru, damina biyu kawai ta isa ta wanke cikon da aka bari ba kwalta. Ina so masu sani su baje mana matakan da ake bi a kashe magana tun a wurin aiki. Barista, bismillah.

Barista Sa'adatu: Wa alaikumus salam Injiniya. Abu na farko, kowa ya buɗe takardar kwangilarsa ya nemo babin saɓani, domin ita ce alƙalin farko. Manyan kwangilolin hanya, musamman masu kuɗin Bankin Duniya, yawanci a kan tsarin FIDIC ake gina su, wato samfurin takardar kwangila na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya. A bugun 1999 tsanin haka yake. Abu ya faru wanda zai ja maka ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci, kana da kwana 28 daga ranar da ka sani, ko ya kamata a ce ka sani, ka rubuta wa injiniya mai sa ido sanarwa. Cikin kwana 42 ka kai cikakken bayani da lissafi. Injiniya ya tuntuɓi ɓangarorin biyu ya yanke abin da ya gani. Wanda bai gamsu ba ya kai wa kwamitin raba gardama, su kuma suna da kwana 84 su ba da hukunci. Wanda hukuncin bai yi masa ba yana da kwana 28 ya rubuta cewa bai yarda ba. Daga nan a ba da kwana 56 a gwada sasanci, sai in ya ci tura a tafi tahkimi, wato abin da lauyoyi ke kira abitireshan, inda masu hukunci da aka zaɓa ke yanke maganar a wajen kotu. A bugun 2017 an mai da kwana 42 ɗin zuwa 84, an rage kwanakin sasanci zuwa 28. Amma kwana 28 na farkon nan bai motsa ba, kuma shi ne ramin da ya fi cinye mutane. In ya wuce, kwangilar ta ce haƙƙinka ya faɗi, ko da gaskiyarka ta kai hasken rana.

Alhaji Garba ɗan kwangila: Barista, Allah shi ba ki lada, amma wanga zance na cikin littafi na. Wanda ad da wuƙa da nama shi za ka riƙa aika ma wasiƙar gargaɗi? Ranar da ɗan kwangila ya fara rubuta "ina neman haƙƙina bisa sashe kaza", ranar satifiket nashi na biyan kuɗɗin aiki ka shiga ƙasan durowa. Kuma aiki na gaba ba shi ganin ko ƙurarshi. Shi ya sa mutanenmu ka yin shiru, su bi ta bayan gida a roƙa.

Barista Sa'adatu: Baba Alhaji, tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai sanarwa ba takardar faɗa ba ce, kuma yadda aka rubuta ta shi ke sa a ɗauke ta faɗa ko a ɗauke ta aiki. Layi huɗu sun isa: ranar kaza, daga kilomita kaza zuwa kaza, mun tarar da abu kaza, yana iya shafar lokaci da kuɗi, muna sanar da ku kamar yadda sashe kaza ya wajabta mana, kuma a shirye muke mu zauna a duba tare. Ba zargi, ba adadin kuɗi, ba barazana. A kai da hannu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Roƙo ta bayan gida yana aiki muddin wanda ka roƙa yana kan kujerar. In aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi fayil kawai zai buɗe, kuma abin da ba ya cikin fayil bai faru ba.

Malam Shehu, tsohon ma'aikaci: Bari in ƙara wani abu daga ɓangaren ofis, domin 'yan kwangila ba su cika ganinsa ba. Jami'in da ke gabanka sau da yawa ya san kana da gaskiya. Abin da ke hana shi sa hannu shi ne gobe mai binciken kuɗi zai tambaye shi: bisa wace hujja ka amince da ƙarin miliyan kaza? Bayan mai bincike kuma akwai EFCC da ICPC. To in babu sanarwa a kan lokaci, babu awon haɗin gwiwa, babu hoto mai kwanan wata, sa hannunsa ya zama wuyansa. Takardar da Alhaji ke ganin tsokana ce, ita ce garkuwar jami'in da ke son ya biya shi.

Alhaji Garba ɗan kwangila: To na ji wagga. Amma a yi muna misali da abin da ka faruwa ƙasa.

Injiniya Nasiru: Ga wanda ya fi yawa a yankinmu, Alhaji. Hanya ta ratsa fadama, a ce gefen gulbin Rima ko wajen Wurno. Zane ya ce a kwashe ƙasar sama santimita 30 a fara ciko. Katafila ta shiga, sai aka tarar da baƙar laka mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe, har zurfin santimita 90. Dole a kwashe ta, in ba haka ba hanyar za ta yi tudu da kwari a damina ta biyu. A ce tsawon wurin mita 500 ne, faɗi mita 12, ƙarin zurfi santimita 60. Kubik mita 3,600 ke nan na haƙa, da wani 3,600 na ciko, waɗanda babu su a takardar ƙiyasin aiki ta BEME.

Inda ake ɓata lamarin shi ne gaggawa. Mai kula da aiki ya ce wa direban katafila ya ci gaba, injiniyan sa ido ya ce da baki "ku kwashe kawai", aka kwashe, aka cike, aka danne da rola. Wata uku baya an zo biya, ɗan kwangila ya ce santimita 90, ofis ya ce 50. Ramin ya rufe, wa zai tone? Abin da ya kamata: a tsaya, a haƙa ramukan gwaji kowace mita 50, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Safiyon kamfani da safiyon masu sa ido su ɗauki lebul, wato awon tudu da zurfin ƙasa, tare sau uku: kafin haƙa, bayan haƙa, bayan ciko, kowace mita 25 ko 20 gwargwadon abin da aka saba a aikin. Su biyun su sa hannu a takardar lebul ɗin a ranar, a wurin, ba a ofis ba. Umarnin baki kuma a rubuta shi a aika wa injiniya cewa ga abin da ka umarta yau, muna tabbatarwa. A FIDIC ta 1999, in ka aika cikin kwana biyu na aiki bai musa ba cikin wasu kwana biyu, ya zama rubutaccen umarninsa. Wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu, amma shi ke hana rikicin shekara.

Malam Umaru mai ƙididdiga: Injiniya ya taɓo inda nake jira. Ƙari a kai: kada a yarda a yi lissafi da ƙirgen tifa. Ƙasa a bayan tifa a sake take, in an baza an danne sai ta ragu. Kubik mita 3,600 a danne na iya cin wajen 4,500 a sake, gwargwadon irin marmarar. In tifar mai kubik goma ce, sahu 450 ke nan. Ɗan kwangila zai zo da tikiti 450 ya ce a biya shi 4,500, alhali kwangila ta ce ana biyan abin da aka auna a danne. Dukansu ba ƙarya suke ba, ma'auninsu ne ya bambanta. Rabin gardamar ciko daga nan take fitowa, kuma minti goma na karanta babin yadda ake awo ya isa ya kashe ta.

Sai farashi. In adadin wani aiki ya canza da fiye da kashi 10 cikin ɗari, tare da wasu sharuɗɗa biyu uku da sashe na 12.3 na FIDIC ya jera, ana iya neman sabon farashi. Sabon farashin ba a ƙirƙiro shi daga sama, ana warware shi ne: awa nawa na katafila, lita nawa na gas, sahu nawa na tifa a nisan kilomita nawa, lebura nawa, sannan ribar da ke cikin kwangila tun asali. Nisan ɗauko kaya babbar magana ce a nan, domin ƙasar Sakkwato ba ta da dutse mai tauri kamar na wajen Zamfara, tsakuwar kwalta daga nesa take zuwa. In ramin marmarar da aka nuna a zane ya faɗi gwajin CBR na ƙarfin ɗaukar nauyi, a ce ana son 80 na shimfiɗar ƙarƙashin kwalta ya ba da 45, aka koma wani rami mai nisan ƙarin kilomita 20, to a ranar da aka canza ramin ya kamata a zauna kan wa zai ɗauki kuɗin nisan.

Hajiya Luba: Ni tambayata kan tsadar kaya ce. Wanda ya sa hannu farkon 2023, dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Kwalta daga waje take zuwa, kayan gyaran injuna haka. Wannan kuma ai ba laifin kowa ba ne a cikin su biyun.

Malam Umaru mai ƙididdiga: Hajiya, ya danganta da ko akwai babin sauyin farashi a kwangilar. In akwai, lissafi ne kawai. Ana raba kuɗin aiki kashi-kashi tun farko, misali 15 cikin ɗari ba ya motsi, 25 siminti, 25 gas, 20 kwalta, 15 lebura. Ana ɗaukar farashin ranar tushe, wato kwana 28 kafin rufe karɓar tayin kwangila, a gwada da na watan da aka yi aikin. In gas ya ninka sauran ba su motsa ba, satifiket ɗin watan ya ƙaru da kashi 25. Inda ake samun matsala shi ne a bar teburin ba a cike ba, ko ba a faɗi farashin wa za a bi ba: na ƙofar masana'antar siminti ta Kalambaina ko na kasuwa? Na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko rasit ɗin ɗan kwangila? In kuwa kwangilar ta ce farashi a tsaye yake, to babu haƙƙi, sai roƙon a sake duba kwangila, kuma a aikin tarayya wannan yana bi ta BPP, hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati, in kuɗin ya yi yawa har Majalisar Zartarwa. A irin wannan zaman abin da ya fi saurin karɓuwa shi ne rage aiki ya dace da kuɗin da ke akwai: a gama kilomita 14 da kwalbatocinsu da magudanan ruwa, maimakon a baza marmara a kilomita 20 ruwa ya kwashe. A kuma cire watannin da jinkirin ɗan kwangila ne ya kai aikin cikin tsadar, da abin da ya riga ya saya da kuɗin kafin alƙalami. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya sayi siminti da tsohon farashi ba zai dawo ya nemi ƙarin simintin ba.

Alhaji Garba ɗan kwangila: Kun yi ta zancen awo. Babban ciwo shi na a yi aiki, a auna, a sa hannu, kuɗɗi su ƙi fitowa. Mi kwamiti za shi yi ma wanga?

Barista Sa'adatu: A nan babu gardama a kan bashin, sai a kan lokacin biya, don haka maganinsa daban. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an gabatar da satifiket an tantance shi ya zama jinkirtaccen biya, kuma yana jan ƙarin da kwangila ta ƙayyade. FIDIC ta ba mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, kwana 56 ya biya, ta kuma ba ɗan kwangila damar ya rage gudu ko ya dakatar da aiki bayan sanarwar kwana 21. A lura, bayan sanarwa. Wanda ya kwashe injunansa cikin dare ba takarda ya mai da kansa mai laifi, a rubuta cewa ya gudu ya bar aiki, a nemi banki ya biya kuɗin lamunin da ya tsaya masa. Abin da zaman sulhu ke iya samarwa shi ne jadawalin biya a rubuce: kashi kaza wata kaza, ɗan kwangila ya yafe wani ɓangare na ƙarin jinkiri, a ɗaga masa ranar gamawa daidai kwanakin da aka riƙe kuɗinsa, a kuma rubuta cewa ba za a ci shi tarar jinkiri a kan waɗannan kwanaki ba. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi, sai ranar lissafin ƙarshe su ga an zabtare.

Malam Shehu, tsohon ma'aikaci: Kuma a tambaya tun kafin a zauna: wanda ya zo daga ma'aikata yana da ikon amincewa da wannan adadin? Daga wane layi na kasafi za a biya? Yarjejeniyar da darakta ya sa wa hannu a kan kuɗin da sai kwamishina ko majalisar zartarwa ke iya amincewa da shi, takarda ce kawai. A sa a cikin yarjejeniyar cewa za a kawo amincewar a rubuce cikin kwana kaza, in ba ta zo ba kowa ya koma matsayinsa, ba wanda ya rasa haƙƙi.

Injiniya Nasiru: Game da kwamitin da Alhaji ke shakka. A aikin hanya aka fara gwada shi, a ramin Eisenhower, hanyar mota da ta huda dutse, da ke Colorado a Amurka cikin 1975, daga baya Bankin Duniya ya sa shi a manyan kwangilolinsa. Mutum uku ne, kowane ɓangare ya kawo ɗaya da yardar ɗayan, a zaɓi na uku ya shugabanta. Ƙaramin aiki mutum ɗaya ya isa. Kuɗinsu rabi da rabi. Amfaninsa duk yana ga a naɗa shi tun farkon aiki, ya riƙa zuwa wurin tsakanin kowane kwana 70 zuwa 140, ya taka fadamar da ƙafarsa tun laka tana buɗe. Abin da ake yi a nan shi ne a bar gurbin sunayen ba a cike ba don tsimin kuɗi, sai an ɓata sannan a fara neman wanda za a naɗa, lokacin kuwa ko gaisuwa ba a yi, balle a yarda da suna ɗaya.

Alhaji Garba ɗan kwangila: In sunka yanke ma'aikata ta ƙi bi hwa?

Barista Sa'adatu: Hukuncinsu wajibi ne a bi shi nan take ko da za a ƙalubalance shi daga baya, in kuma kwana 28 suka wuce ba wanda ya rubuta ƙin yarda, ya zama na ƙarshe. Amma ba zan ɓoye maka ba Baba Alhaji, kwamiti ba shi da ɗan sanda. In aka ƙi bi, sai tahkimi. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta tahkimi da shiga tsakani wadda aka sa wa hannu a Mayun 2023, ta maye gurbin ta 1988. A cikinta, in kwangila ba ta faɗi adadin masu hukunci ba, mutum ɗaya ne, wanda ya rage tsada sosai. In wani ya ruga kotu alhali akwai babin tahkimi, kotu za ta dakatar ta mai da su can, muddin ɗayan ya nema da wuri. Wanda ke son a soke hukunci yana da wata uku, kuma dalilan ƙalilan ne, ba a sake sauraron shari'ar daga farko. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne ɓangaren shiga tsakani: lokacin da ake zaman sulhu agogon wa'adin kai ƙara yana tsayawa, abin da aka faɗa a zaman sirri ne, yarjejeniyar da aka cimma kuma ana iya tilasta ta.

Duk da haka ni ba na gaggawar tura kowa tahkimi da gwamnati. Ka ci hukunci, kafin ka taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci yana neman izinin Antoni Janar, ka ga ka dawo kotun da ka gudu. Kuma tun shari'ar kamfanin P&ID da gwamnatin Najeriya, inda hukuncin dala biliyan 6.6 na 2017 ya kumbura ya kai wajen biliyan 11 kafin kotun Landan ta rushe shi a ƙarshen 2023, jami'ai suna jin kalmar abitireshan gabansu ke faɗuwa. Wancan aikin iskar gas ne, ba hanya ba, amma tsoron ya shafi kowa.

Hajiya Luba: Duk kun tsaya tsakanin kamfani da ma'aikata. Abin da ya fi tsayar da gireda a ƙauyukanmu mutanen gari ne. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan filin ce: gini, amfanin gona, itatuwa, rijiya. In an yi saɓani kan adadi, sashe na 30 ya ce a kai wa kwamitin rabon filaye. Manomi kuwa gonar yake kuka, ba geron bana ba. Ayyukan Bankin Duniya sun fi sauƙi a nan domin ƙa'idarsu kuɗin maye gurbi ce, ba a cire tsufan gini, kuma dole a kafa wurin kai koke.

Yadda ake rage rikici: a kafa turakun iyakar hanya kowa ya gani, a hanyar tarayya mita 45.72 ne kowane gefe daga tsakiya. A sanar da ranar rufe ƙirge a masallatan Juma'a da rediyo da bakin uban ƙasa da hakimai, domin duk ginin da ya tsiro bayan ranar ba shi da diyya, kuma sai an faɗa da ƙarfi tun da wuri, in ba haka ba za a kwana a tashi a ga tubali sabo a kan layi. Ranar ƙirge mai gona ya tsaya a gonarsa, maƙwabtansa na gabas da yamma su shaida iyaka, a ɗauki hotonsa da allo mai lamba, a ƙirga mangwaro da dogon yaro da giginya ɗaya-ɗaya, a ba shi kwafi a hannu. Sannan a tambayi abin da masu ƙima ke yawan tsallakewa: wa ya shuka? Gonar aro ce, ko haya, ko jingina? Albasar ta mai noman rani ce, itatuwan na mai gona, kowa da takardarsa. Gonar gado da ba a raba ba kada a zuba kuɗinta a asusun babban wa, a nemi magada duka har mata, ko a jira alƙali ya raba.

Malam Shehu, tsohon ma'aikaci: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma akwai abin da kuɗi ba ya sayensa. Maƙabarta, masallacin Idi, burtali, mashayar dabbobi. Waɗannan tun a zane ake kauce musu. Karkatar da layi mita talatin a takarda ya fi arha nesa ba kusa ba a kan tsayuwar wata biyu.

Hajiya Luba: Sai koke-koken da aikin kansa ke haifarwa: kwalbati ya juya ruwa cikin gonar mutum, rola ta tsaga bangon gidan ƙasa, ƙura ta rufe masu shanya, ramin marmara ya zama kududdufi yara suna wanka. A ɗauki hoton gidajen da ke bakin layi kafin rola ta iso, da mai gida a tsaye. A yi rubutacciyar yarjejeniya da mai filin rami: zurfi nawa, wa zai mai da ƙasar sama, za a kwantar da gefen ramin ko za a kewaye shi. Kwamitin koke kuma ya kasance da littafi mai lamba da wa'adin amsa, a ce mako biyu, da wakilin uban ƙasa, da limami, da mace aƙalla ɗaya, domin akwai matan da ba za su shiga zauren hakimi su yi magana ba. Mutanenmu sun san ayar "wassulhu khair" ta Suratun Nisa'i, ba sai an koya musu son sulhu ba. Abin da ke harzuƙa su shi ne su kai kuka a ce a dawo gobe har sau biyar.

Injiniya Nasiru: Wannan yana komawa kan kwangila ma. In mutanen gari suka tare hanya don ba a biya diyya ba, mai aiki ne ya kasa miƙa fili, ɗan kwangila yana da ƙarin lokaci da kuɗin zaman injuna, in ya ba da sanarwa. In don tifarsa ta take akuya ba a biya ba ne, nasa ne. Littafin aikin yau da kullum shi ke rarrabewa: wace na'ura ta tsaya, lambarta, awa nawa, me ya sa, wa ya sa hannu.

Malam Umaru mai ƙididdiga: Kuma kada a kumbura lissafin zaman injuna. Giredar da take mallakinka ce ba za a biya ka kuɗin hayar kasuwa ba, ba ta sha gas ba, ba ta ci taya ba. Ana biyan raguwar darajarta da albashin direba da inshora. In lokacin da aka tare hanya kai ma injin kwaɓa kwaltarka a lalace yake, galibi lokaci za ka samu ba kuɗi ba. Ruwan Agusta kuma ba hujja ba ne a Sakkwato, kowa ya san da shi ranar da ya sa farashi, sai in bayanan NiMet, hukumar hasashen yanayi, sun nuna ya zarce na shekarun baya sosai.

Alhaji Garba ɗan kwangila: Rashin tsaro hwa? Wajen Isa da Sabon Birni ba kowa ka yarda shi kwana da katafila ba.

Barista Sa'adatu: Yana iya shiga babin abin da ya fi ƙarfin kowa, kuma sanarwarsa kwana 14 ce, ba 28 ba. In tsayuwar ta kai kwana 84 a jere, ko 140 a tattare, kowane ɓangare na iya ajiye kwangilar a biya abin da aka yi. Sai dai za a tambaye ka: lokacin da ka sa hannu ba ka san halin yankin ba? Don haka a sabon aiki a rubuta tun farko wa ke ɗaukar nauyin jami'an tsaro, da wa ke da ikon cewa yau ba a fita.

Injiniya Nasiru: Saura ingancin aiki. Zane ya ce kwaltar sama milimita 40, masu sa ido suka ce 35 suka gani. A kilomita ɗaya mai faɗin mita 7.3, milimita biyar ɗin nan kusan tan 88 ne cikin wajen tan 700. Ba a warware wannan da rantsuwa. A fito da injin huda, a zaɓi wuraren da ƙuri'a a gaban kowa, kada wani ya nuna da yatsa, domin kamfani ya san inda ya yi kauri, masu sa ido sun san inda ya yi siriri. In ta tabbata, ba lallai a fasa ba: ana iya rage kuɗi daidai gibin, ko a ƙara shimfiɗa, ko a tsawaita lokacin gyaran lahani a ci gaba da riƙe kuɗin ajiya. Amma in kankaren gada ne ya faɗi gwajin kwana 28, a huda jikin ginin a gwada, in ya sake faɗuwa ba a sulhu da ran mutane.

Hajiya Luba: In kowa bai yarda da ɗakin gwajin ɗayan ba fa?

Injiniya Nasiru: Samfuri uku ake ɗauka a wuri guda, Hajiya. Ɗaya na kamfani, ɗaya na masu sa ido, na uku a ɗaure a buhu a liƙe, su biyun su sa hannu a kan liƙin da kwanan wata da lambar kilomita. Sunan ɗakin gwaji na uku, na jami'a ko na kwalejin kimiyya, a rubuta shi a taron farko na aiki tun ba a san wanda sakamako zai kayar ba, tare da cewa wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin gwajin.

Alhaji Garba ɗan kwangila: Buhun na ukku hannun wa za shi kwana?

Injiniya Nasiru: A akwatin ƙarfe a ofishin wurin aiki, Alhaji, da kwaɗo biyu. Kowa ya riƙe makullinsa.